Takardar Malama Mukarrama

Mukarrama ba ta taɓa ganin namiji yana rawa da ludayi a hannu ba sai ranar da mahaifiyarta, Inna Azumi, ta aike ta Makarfi sayen mazarƙwaila.

Yayarta Bilkisu ce ta haihu, ana shirin suna. Inna ta ce ba za ta yi alkaki da mazarƙwailar da ta daɗe a kasuwa ba, sai wadda aka sauke daga wuta. Don haka Mukarrama, wadda ke koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare ta Hunkuyi, ta shiga mota da safiyar Asabar, aka yi mata kwatancen wani wurin matsar rake a bayan gari.

Ta iske injin a kashe, ma'aikata sun tafi cin abinci. Mutum ɗaya ya rage, wani dogon saurayi baƙi, yana juya ruwan rake a ƙaton kasko. Wata 'yar rediyo na rataye a jikin rumfa tana kiɗan gangar noma, ƙafafunsa kuwa na bin kiɗan kamar ba nasa ba. Ya juya ludayi, ya taka, ya duƙa, ya miƙe, ko ɗigo bai zubar ba.

Ta yi sallama sau biyu bai ji ba. Dariyarta ce ta juyo da shi.

Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai ajiye ludayin. Ya amsa sallamar, ya tambaye ta hanya da mutanen gida, idonsa a ƙasa. Sunansa Safiyanu. Wurin na baffansa ne, Baffa Ya'u, shi yake kula da shi tun da ya gama karatun aikin gona a Zariya.

"Da na san da baƙuwa da na kama kaina," in ji shi.

"Da ka kama kanka da ban yi dariya ba. Rabona da irinta tun hutun makaranta."

Ya zaɓar mata masu ɗumi, ya ɗaure mata kwali, ya raka ta har tasha. A hanya ya ce zai so ya ji ko alkakin ya yi kyau, kuma ba shi da hanyar ji sai ta waya. Ta yi kamar ba ta gane ba, amma ta ba shi lambar.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo: "Malamata, Allah Ya sauke ki lafiya. Tun da kika tafi ƙafata ta ƙi bin kiɗa."

Ta karanta sau uku, ta ajiye lambar da sunan Mai Zaƙi.

Bayan makonni kaɗan ya zo Hunkuyi ya gaida mahaifinta, Malam Inuwa, mai sayar da hatsi, mutum mai ƙarancin magana. Aka ba shi izinin zuwa zance duk Juma'a da yamma. A kan tabarmar zaure Mukarrama ta san shi sosai: maraya ne, ba ya wasa da salla, kuma tun yana ƙarami yake bin makaɗan gayya gona gona har ya ƙware a rawarsu.

A wata Juma'ar ya faɗa mata cewa wani gidan talabijin a Kaduna ya buɗe gasar rawa mai suna Taka Mu Gani, ta waɗanda rawa ba sana'arsu ba ce, kuma an ɗauke shi. Za a riƙa nunawa duk Asabar bayan la'asar. Burinsa mutanen birni su ga rawar manoma kafin ta ɓace.

"In kin ce kar in je, ba zan je ba," ya ce.

"Je ka, Mai Zaƙi. Ni ce zan fara zaɓenka."

Makon farko gidan Malam Inuwa ya cika da yaran maƙwabta. Safiyanu ya fito da taguwar saƙi da fartanya a kafaɗa, ya taka har alƙalan gasar suka miƙe tsaye. Inna Azumi ta yi guɗa. Malam Inuwa ya leƙo daga ƙofar ɗaki, ya tsaya har aka gama, sannan ya fita. Mukarrama ta tura saƙon zaɓe har katinta ya ƙare.

Amma da ta buɗe shafin shirin a waya, murnar ta ragu. 'Yan mata ne jere, wannan ta ce baƙin nan ya tafi da ita, waccan ta tambayi ko yana da aure. Ta kashe wayar, ta sake kunnawa, ta karanta duka.

A mako na uku masu shirin suka haɗa 'yan gasar biyu biyu, namiji da mace. Aka haɗa Safiyanu da wata ɗaliba 'yar Kaduna mai suna Farida, fara, mai fara'a. Ba su taɓa juna ba, amma sun taka tare kamar sun shekara suna gwaji. Da suka gama, Farida ta miƙa masa hankici ya share zufa, mai ɗaukar hoto ya tsaya a kansu. Mai gabatarwa ya ce ga ango ga amarya, sai a sa rana. Jama'a suka yi ta tafi.

Mukarrama ta tashi ta shige ɗaki. Tuwon da aka kai mata haka aka fito da shi.

Saƙonsa ya zo bayan magariba: "Malamata, kin gani? Mun haye. Maganar mai gabatarwa wasa ce, kar ki sa a ranki."

Ta amsa: "Na gani. Allah Ya sanya alheri, kai da amarya."

Ya kira sau huɗu ba ta ɗauka ba. Ranar Juma'a ya zo ya yi ta lallashi, ya rantse mata ba shi ya zaɓi Farida ba, ƙuri'a aka jefa. Ta ce ta haƙura. Amma a Asabar ta gaba, da ta ga Farida ta sunkuyo tana raɗa masa magana yana murmushi, sai ta ji kamar an zuba mata garwashi a ƙirji.

A makaranta kuma abin ya zama wasan yara. Da an fita hutun ƙarfe tara sai a ja da'ira, a tura yaro da yarinya tsakiya ana kiran ango da amarya. Wata yarinya 'yar ajinta, Hassana, ta hau benci tana kwaikwayon juyin wata 'yar gasa, ta faɗo ta fasa leɓe, sai da aka yi mata ɗinki. Iyaye suka fara ƙorafi. A taron iyaye da malamai aka yi ta muhawara. Wasu suka ce a kashe talabijin ɗin kawai. Wasu suka ce ai rawar gargajiya ce, ta fi finafinan da yara ke kallo a waya. Wani dattijo ya ce rawar ba ta dame shi ba, shigar wasu 'yan gasar da barkwancin mai gabatarwa ne ke sa shi kunya a gaban jikokinsa, ga shi ana nunawa daidai lokacin da yara ke gida. Aka tsayar a rubuta wa gidan talabijin ɗin takardar koke.

Mukarrama ce ta ɗaga hannu ta ce za ta rubuta.

Rabin farko na takardar gaskiya ce zalla: lokacin shirin, shigar wasu, maganganun da yara ke ɗauka, leɓen Hassana. Amma da ta zo ƙarshe, fuskar Farida ta tsaya mata a ido, sai alƙalamin ya ƙwace. Ta ambaci sunan Farida da na Safiyanu, ta ce su ne suka fi ɓata tarbiyyar yara. Ta rufe da cewa duk saurayin da zai tsaya gaban budurwar da ba muharramarsa ba yana karkaɗa jiki a idon duniya, bai cancanci a ba shi 'yar mutunci ba.

A ranta, abin da take so kawai a raba su.

Malam Inuwa ya karanta takardar a zaure, ya ɗago ya dube ta, ya tambaya ko ta san abin da ta rubuta. Ta ce ta sani. Shi ya fara sa hannu. Wani malamin makarantarsu, Huzaifa, wanda ya daɗe yana nuna mata so tana kaucewa, shi ya bi gida gida ya tara sa hannun iyaye, ya kai takardar Kaduna da kansa.

Ba raba su kawai aka yi ba. Gidan talabijin ɗin ya karanta wani ɓangare na koken a labarai, har da sunayen, ya sanar da cewa ya soke rawar biyu biyu, ya kuma cire Safiyanu da Farida daga gasar don a zauna lafiya.

"Malamata, an cire ni," ya rubuto. "Wai wasu iyaye ne suka kai ƙara. Ban ji haushinsu ba, 'ya'yansu suke karewa. Sunana da aka kira ne ya yi mini zafi. Ki yi mini addu'a, ke kaɗai nake son jin muryarki yau."

Ta kira shi, ta ba shi haƙuri, ba ta faɗa masa ita ce ta rubuta koken ba.

Huzaifa ne ya faɗa masa. Ya nemi lambarsa, ya tura masa hoton takardar, da rubutun hannunta da sunanta a ƙasa.

Saƙon da ya biyo baya gajere ne: "Mukarrama, na tambaye ki kafin in je, kika ce in je. Da kin ce in dawo, da na dawo a ranar. Na ga abin da na cancanta. Na gode."

Bai taɓa kiranta da sunanta ba sai ran nan. Juma'a ta zo ba shi, wata Juma'ar ma haka. Ta tura saƙo ya fi goma, babu amsa. Huzaifa ya zo zaure da fara'arsa, ta aika a ce masa kar ya sake zuwa.

Sai labari ya iso ta bakin wata mai kai kaya Makarfi, wai an ga Farida a wurin matsar rake. Mukarrama ta rasa inda za ta sa kanta. Ta tafi gidan Bilkisu tana huci, ta ce ga shi abin da take faɗa ya tabbata.

Bilkisu ta gama ba jaririnta nono, ta kwantar da shi, sannan ta ce, "Ƙanwata, ki gaya mini don Allah. Da da namiji aka haɗa shi, za ki rubuta takardar nan?"

Hawaye suka zubo wa Mukarrama. Ta ce amma ai Hassana da gaske ta faɗi. Bilkisu ta ce da gaske ne, kuma da a nan ta tsaya da babu mai ganin laifinta.

Washegari suka tafi Makarfi tare. Safiyanu ba ya nan, ya tafi Paki duba rake. Matar Baffa Ya'u ta karɓe su, ta ce baƙuwar Kaduna na ciki, jiya ta zo ta kwana a wurinta, yanzu take shirin komawa. Haka Mukarrama ta ga Farida ido da ido, sanye da hijabi, ta fi yadda take a talabijin ƙanƙanta.

Farida ta gane ta nan take, domin Safiyanu ya sha nuna hotonta a wurin gwaji. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta zo ne ta roƙi Baffa Ya'u ya kira mahaifinta ya shaida masa babu komai tsakaninta da Safiyanu, domin tun ranar da aka kira sunanta a labarai mahaifinta ya hana ta komawa makaranta, ƙannenta kuma ana yi musu waƙa a unguwa.

"Ba zan ɓoye miki ba, ya burge ni," ta ce. "Na ma nuna masa. Kin san abin da nake raɗa masa da kika ga yana murmushi? Cewa nake ya saki fuska, Malamarsa na kallo. In ba da sunanki ba, ba ya sakewa."

Mukarrama ta durƙusa a gabanta ta nemi gafara. Har a lokacin, wani ɓangare na zuciyarta na lura da kyan idon Farida, kuma hakan ya ƙara ba ta kunya. Farida ta ce ta yafe, amma sunanta da aka ɓata a bainar jama'a, a bainar jama'a za a wanke shi.

Suna fitowa Safiyanu ya iso a kan babur. Bilkisu ta ja gefe. Ya gaida Mukarrama kamar baƙuwa. Ta ce ba ta zo kare kanta ba.

"Kishi ne, Mai Zaƙi. Na saka masa rigar tarbiyya don kar a gane shi. Na kasa ce maka ka dawo, don kar ka ce ni mai ƙaramar zuciya ce, sai na yi abin da ya fi haka muni."

Ya ce gasar ba ta dame shi kamar layin ƙarshe ba, wanda ya haddace shi ba da son ransa ba. Ya tambaye ta ko har yanzu haka take ganinsa.

"Ni ce ban cancance ka ba," ta ce.

"Wannan kuma ba ke za ki yanke ba, Malamata."

Kafin su isa Hunkuyi saƙonsa ya riga su: "Na yafe. Amma daga yau in abu ya ci miki rai, ni za ki rubuta wa. Baffa zai zo wurin Baba ranar Lahadi."

Baffa Ya'u ya zo da mutum biyu da goro. Malam Inuwa ya karɓe su da mutunci, ya saurare su, sannan ya shiga ɗaki ya fito da kwafin takardar. Ya ce shi ba shi da abin cewa a kan yaron, amma 'yarsa da hannunta ta rubuta cewa bai cancanci 'yar mutunci ba, shi kuma ya sa hannu a gaban iyayen gari. Ba zai zama mai magana biyu ba. Suka koma da goronsu.

Inna Azumi ta yi iya ƙoƙarinta, Malam Inuwa ya ce ta bar maganar. Kwana uku Mukarrama na kai kawo a tsakar gida. A na huɗu, da ya dawo daga kasuwa ya zauna a zaure, ta je ta durƙusa nesa da shi.

"Baba, na sa ka sa hannu a kan abin da ba haka yake ba. Layin ƙarshen nan ba don yara na rubuta shi ba. Don kaina ne."

Ta faɗa masa komai, har halin da Farida ke ciki. Bai katse ta ba. Da ta gama ya ce tun ranar da ya karanta ya yi zargin haka, shi ya sa ya tambaye ta, ta ce ta sani. Ya ce shi ma yana da laifi, da ya bi zargin nasa bai yi saurin sa hannu ba.

"Shirin nan har gobe ban yarda a bar yara su kaɗai a gabansa ba," ya ce. "Wannan ba kishinki ba ne, gaskiya ce. Amma gyaran tarbiyya ba ya halatta cin mutuncin 'ya'yan mutane. Ki ɗauko takarda."

A gabansa ta rubuta ta biyu. Ta bar koken iyaye yadda yake: a sauya lokacin shirin, a kula da shiga da kalamai, a sanar cewa yara su kalla tare da manya. Sannan ta janye abin da ta faɗa a kan Farida da Safiyanu, ta ce ita kaɗai ke da alhakinsa, ta nemi gafararsu da sunanta cikakke. Malam Inuwa ya sa ta karanta a taron iyaye da malamai. Ta karanta, wasu mata na ƙus ƙus, ta kai ƙarshe ba ta tsallake kalma ba.

Malam Inuwa da kansa ya kai takardar Kaduna, ya biya gidan su Farida ya gana da mahaifinta. A hanyar dawowa ya sauka Makarfi, ya yi salla a masallacin unguwar su Safiyanu, ya tambayi liman da maƙwabta halin yaron. Bai faɗa wa kowa abin da ya ji ba. Ya dai aika wa Baffa Ya'u cewa in goron nan bai bushe ba a dawo da shi.

Gidan talabijin ɗin ya karanta neman gafarar, ya mayar da shirin bayan isha'i, ya riƙa sa gargaɗi kafin a fara. Gasar ta riga ta yi nisa, Safiyanu bai koma ba, wani ne ya ci. Mukarrama ta san wannan asarar ba ta da maganinta, shi kuma bai taɓa yi mata gori a kai ba. Farida ta koma makaranta.

An ɗaura auren bayan ƙaramar salla a ƙofar gidan Malam Inuwa. Mutanen Makarfi da na Paki suka cika layin. Farida ta zo da ƙanwarta, Mukarrama ce ta gayyace ta, ta kuma zaunar da ita kusa da ita. Sai dai da ango ya shigo gaida iyaye mata, Bilkisu ta lura amarya ta ɗaga gefen mayafi tana duba inda idonsa zai sauka. Ta mintsine ta, ta ce hali zanen dutse.

Wayar amarya ta yi motsi a ƙarƙashin mayafin: "Na gan ki, Malamata. Ke nake nema, mayafin ne ya hana."

Da yamma, kafin a tafi da ita, aka kai ta gaban mahaifinta. Safiyanu na durƙushe a gefe. Malam Inuwa ya ce masa ga amana nan, ya kuma san halinta tun kafin ya ɗauka, don haka kar ya kawo ƙara. Aka yi dariya, ita kuwa tana kuka.

Sannan ya ɗora hannu a kanta.

"Wanda bai damu da kai ba, ba ya kishinka. Ki yi kishin mijinki, amma ki faɗa masa da bakinki, a cikin ɗakinki. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku 'ya'yan da za ku zauna tare da su ku nuna musu abin kallo da abin kau da kai. Ku tashi, Allah Ya yi muku albarka."

Duk zauren ya amsa da amin.